Dunduniyar Alƙali

Takardar ta zo ranar Litinin da hantsi, kuma Alƙali ne ya karanta ta, don shi ne mai idon gidan. Yaya ta buɗe ta ta riƙe a gabansa, sai ya buga dunduniyarsa sau biyu a ƙarfen keken guragun da yake zaune, alamar a juye ta riƙe. Ta gyara. Layi shida ne kacal, amma sai da suka ci kusan rubu'in awa, domin kowace kalma sai Alƙali ya yi kokawa da harshensa kafin ta fito, wuyansa ya murɗe, yawu ya zubo a tawul ɗin da ke ƙirjinsa. Wanda zai tsaya a bakin taga ya kasa kunne, zai rantse nishi kawai ake yi a ɗakin. Yaya kuwa ko harafi ɗaya bai wuce ta ba.

Ofishin tallafin masu buƙata ta musamman ne ke sanar da su cewa ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya jami'arsu za ta zo ziyarar shekara. Za ta duba mai karɓar tallafi, ta duba gida, ta kuma duba mai kula da shi. Bana an ƙara wani abu: sai ta ga yadda ake auna magani da idonta.

"Sake karanta na ƙarshen," in ji Yaya.

Ya sake. Layin bai canza ba. Ta lalubi bakin gado ta zauna.

Shekarar Alƙali talatin da takwas, ita kuma hamsin da uku. Haka aka haife shi, jikinsa ba ya jin maganarsa: hannuwa a ƙanƙame, baya a karkace, harshe da nauyi. Abu ɗaya ne ke yi masa biyayya a duk jikin, ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Kai kuwa garas yake, har ya fi na mutane da yawa masu yawo a layin da ƙafa biyu. Babansu ne ya laƙaba masa sunan tun yana ƙarami, wai shi kullum yana kan kujera, jama'a na tsaye a gabansa. Sunan ya bi shi, shi ma ya bi sunan. Daga bakin tagarsa yake yanke wa kowa hukunci, daga mai walda da ke fara buga ƙarfe kafin mutane su karya, har mai kemis da ya sayi motar da ba ya iya juya ta a lungu. Yaya ce kaɗai ke jin hukuncin, ita kaɗai ke dariya.

Tun rasuwar mahaifiyarsu, shekara goma sha ɗaya ke nan, su biyu ne a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ofishin na ba shi kuɗin tallafi duk wata, yana ba ta alawus na mai kula, magani kyauta, keken ma su suka bayar. Amma ba kuɗin ne ya zaunar da ita a bakin gado ba. In an tsayar da kuɗi za a sha wuya, wuya kuwa ba baƙuwarsu ba ce. Abin da ke cinta wani sharaɗi ne da ke bayan takardar da ta sa wa hannu tun da fari: mai kula ya zama mai lafiyar jiki, mai ji, mai gani. In ya gaza, kuma babu wani ɗan'uwa da zai karɓa, ofishin zai mai da mai tallafin cibiyar kula da nakasassu.

Yaya ba ta gani. Yau wajen shekara ɗaya da rabi ke nan.

Daga gefe abin ya faro, kamar ana jawo labule a hankali ta dama da hagu. Ta fara buge kafaɗa a ƙyaure, ta fara ƙona kwalar rigunan mutane, har ta ajiye sana'ar guga ta ce wa masu kawo kaya bayanta ne ya matsa mata. Daga nan ganin ya tsuke ya koma kamar leƙe ta kafar makulli. Yanzu kafar ma ta yi hazo. Tana bambance taga da bango, tana gane inuwar mutum in ya gitta ta wajen haske, shi ke nan. Asibiti kuwa ko hanyar ba ta bi ba, don lambar katinta na asibiti ita ce lambar fayil ɗinsu a ofishin. Ta yi lissafinta tsaf: likita ya rubuta, ofis ya karanta, mota ta zo. Wauta ce, ba sai an faɗa ba, amma mai tsoro shi ma yana da nasa lissafin, kuma da wuya ka kama shi da kuskure a ciki.

Ta san cibiyar. Ta je sau ɗaya lokacin da dangi suka kawo shawarar a kai shi can, bayan an share makoki. Ba za ta yi musu ƙazafi ba, wurin fes yake, ana shara, ana ba da abinci kan lokaci, ba ta ga ana dukan kowa ba. Abin da ta gani wani dattijo ne a kan keke yana ta nishi, ma'aikaciya ta tsaya a kansa da fara'a tana cewa, "To Baba, to Baba," tana gyara masa bargo, alhali Yaya daga bakin ƙofa ta ji ruwa yake roƙo. Tun da ta fito ranar, ba ta sake barin kowa ya ɗauko zancen ba.

Saboda haka suka raba aiki. Ita ce hannuwan gidan, shi ne ido. Bugu ɗaya na dunduniya, tsaya. Bugu biyu, ba daidai ba, sake. Tari, akwai mutum ko wani abu a gabanki. Da haka take dafa shinkafa, take yi masa aski, take zuƙo maganinsa na ruwa a sirinji, wanda ke hana jijiyoyinsa ɗaurewa. Za ta riƙe sirinjin daidai fuskarsa ta ja a hankali, in ruwan ya kai layi ya buga ƙarfe. Maganin ba abin wasa ba ne, likita ya ja mata kunne tun tana gani: in ya gaza jiki ya sandare, in ya zarce numfashi ya yi ƙasa.

Bara sun tsallake, don jami'in da ya zo irin mutanen nan ne da ke gaisuwa ƙafa ɗaya a waje. Ya leƙo, ya ce, "Malam, jiki da sauƙi?" ya yi 'yan rubuce-rubucensa a kan sirdin babur ya ƙara gaba. Yaya ta daɗe tana sa masa albarka.

Talata da Laraba suka yi su a kan atisaye. Ta ja kujerar baƙi ta kafa ta gaban taga, yadda duk wanda ya zauna zai zama inuwa a cikin haske. Ta ƙirga taku daga ƙofa zuwa kujera, daga kujera zuwa kabad ɗin magani, daga kabad zuwa keke. Alƙali ya zama jami'a, yana yi mata tambayoyi da iyayi, yana gyara mata inda za ta ajiye ido.

"Kina kallon saman kaina," ya ce. "Sauko. In gajeriya ce fa?"

"To in doguwa ce?"

"Sai ki kalli cibiyarta, ta ce kunya gare ki."

"Ɗan nema kawai," ta ce, ta kai masa dukan wasa da tawul, ta sami hannun keke.

Ya yi dariya, irin tasa mai kama da shaƙewa. Amma ta lura dariyar ba ta yi tsawo ba, kuma tun zuwan takardar bai yanke wa kowa hukunci a layin ba. Ta ɗauka tsoron da ke cinta ne ke cinsa. Ta dafa kansa ta ce, "Ba inda za ka. Ina raye ba mai ɗaukar ka."

Ranar Alhamis tun da sassafe ta yi masa wanka, ta shafa masa mai a gwiwar hannu da ƙugu da duk inda zama ke ci, ta sa masa riga mai maɓalli. Ta kasa karyawa. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ta kasa kunne, duk takun da ya nufo ƙofa sai ta miƙe tsaye, ta sake zama in ya wuce.

Sha ɗaya saura kaɗan aka yi sallama. Muryar mace ce, a dushe, ta mai mura.

"Maraba, maraba, ranki ya daɗe. Bismillah, shigo."

Takalman matar na ƙara a kan siminti, wani abu mai nauyi na gogar cinyarta. Alƙali ya faɗi kalma biyu ƙasa-ƙasa: Mai Jaka. Ya riga ya raɗa mata suna. Sai kuma ya yi tari. Yaya ta daskare. Akwai abu a gabanta, amma mene ne? Ta miƙa hannu a kan sa'a, sai ta ji yatsu masu sanyi sun kama nata. Gaisawa ce. Matar ta daɗe da miƙo hannu ke nan.

"Yi haƙuri, Malama, hannun nawa da danshi, shi ya sa na yi jinkiri."

"Ba komai, Yaya. Ni ma da murar nan bai kamata in riƙa miƙa wa mutane hannu ba."

Ta zauna a kujerar, Allah ya taimaka, ta zama inuwa a cikin haske kamar yadda aka tsara. Sai Yaya ta ji tim, an dire jakar a ƙasa. A ina? Sautin ya zo daga dama, wajen hanyar kabad. Taku bakwai ɗin da ta haddace yanzu akwai jaka a cikinsu, kuma ba ta san a na nawa ba.

Wannan ba irin jami'in bara ba ce. Ta gaida Alƙali shi kansa, ba ta kan Yaya ba, ta jira har ya gama amsawa, sannan ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce lafiya lau, ya ce Allah ya sawwaƙe murar."

"Amin, Malam, na gode."

Daga nan ta shiga aiki, ba gaggawa. Ta duba tayoyin keke da birki, ta ce za ta rubuta a canza matashin zama. Ta leƙa banɗaki ta girgiza ƙarfen da ake dafawa. Ta nemi izinin Alƙali, Yaya ta ɗaga masa riga ta juya shi, matar ta duba bayansa da ƙugunsa da diddigensa na dama.

"Shekarata goma sha tara a aikin nan," in ji Mai Jaka, "ban cika ganin mai zaman keke da fata irin wannan ba. Ko tabon gyambo ɗaya babu. Sannu, Yaya."

Yaya ta ce, "Yawwa," don in ta ƙara kalma ɗaya kuka zai biyo ta.

Aka zo tambayoyi. Sau nawa yake cin abinci, sau nawa ake juya shi a kwance, wa ke karɓo magani, kuɗin na shigowa kan lokaci. Yaya na amsawa tana kallon inuwar, tana saukar da ido kaɗan, don matar gajeriya ce. Sau ɗaya aka miƙo mata wata takarda a ce ta duba ko lambar wayar da ke jiki daidai ce. Ta karɓa ta ƙura mata ido, fari fat kamar bango, ta ce, "Karanto min dai, Malama, tabarauna ya karye." Matar ta karanto, ta ce shekaru ne, ita ma sai da shi take gani. Yaya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To, saura magani. Na rana ƙarfe goma sha biyu ne ko? Ga shi lokaci ya yi. Yi kamar ba na nan."

Yaya ta miƙe. Taku ɗaya, biyu, uku. Tana jan ƙafa a ƙasa kamar mai ciwon gwiwa, tana jiran tari ko bugu. A na huɗu babban yatsan ƙafarta ya taɓa fatar jaka mai sanyi. Ta kauce ta hagu, ta ce, "Jakar nan taki ai ta isa a ba ta nata tallafin." Matar ta yi dariya har da tari, ta jawo jakar tana ba da haƙuri.

Kwalbar na inda take, mai zare ɗaure a wuya. Sirinji na cikin kofi. Ta dawo gaban keken ta durƙusa, ta juya wa jami'ar kafaɗa kaɗan, ta ɗaga kwalbar daidai fuskar Alƙali kamar mai neman hasken taga. Ta fara ja.

Ta san tsawon jan a hannunta, kusan numfashi uku ne. Ta ja na ɗaya. Ta ja na biyu. A na uku ta rage hannu ta kasa kunne.

Ba bugu.

Ta ƙara ja kaɗan, kamar gashi. Shiru. Tana jin numfashinsa ya yi sama, tana jin keken na ɗan rawa, amma ƙarfen bai yi ƙara ba. Bai kai ba ne, ko ya wuce? In ta tsaya, a kan me ta tsaya? In ta ci gaba, wannan ruwan a bakin ɗan'uwanta za ta zuba shi, a gaban hukuma, da hannunta. Yatsunta suka fara santsi a jikin robar. A ranta tana cewa, buga mana, Alƙali, don Allah buga. Ta ji kujera ta motsa a bayanta, matar ta sunkuyo.

Ƙwas. Ƙwas.

Bugu biyu, masu rauni, kamar daga nesa. Ba daidai ba. Ta mai da ruwan a hankali, a hankali, har ta ji ƙwas guda ɗaya. Ta tsaya.

"Mu gani," in ji Mai Jaka. Ta karɓi sirinjin, ta daɗe tana dubawa, ko kuwa Yaya ce ta ga daɗewar. "Daidai kan layi. Ba shi."

Ta ba shi, ta share masa baki, ta koma bakin gado ta zauna. Tana jin biro na tafiya a kan takarda, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ana cike gurabe. Sun haye. Wani sanyi ya fara sauko mata daga wuya zuwa kafaɗu. Har ta fara tunanin in matar ta tafi za ta ci wa Alƙali mutunci a kan wannan wasan banza da ya yi mata, sannan ta dafa musu abin kirki su ci.

"Saura tambaya ɗaya, ta Malam ce," in ji jami'ar. "A ƙa'ida mu biyu ya kamata mu zauna, ba mai kula a wurin. To amma ni ba na jin maganarsa, dole sai da ke. Malam, kana jin hankalinka kwance a hannun mai kula da kai? Akwai abin da ke ba ka tsoro a gidan nan?"

Sun yi atisayen wannan ma. Amsar kalma biyu ce, lafiya lau. Yaya har ta buɗe baki ta tare shi.

Abin da ya fito daga bakinsa ba kalma biyu ba ne. Ya daɗe yana haƙo shi, keken na ƙara, numfashinsa na sarƙewa.

"Ina jin tsoro," ya ce. "Faɗa mata, Yaya."

Yaya ta riƙe bakin katifa da hannu biyu.

"Me ya ce?"

"Bai... bai gama ba, Malama."

Bai gama ba kuwa. Ya ci gaba, kalma na bin kalma da ƙyar, kowace na faɗowa a kan Yaya ita kaɗai. Ya ce ƙafar ta fara ƙin sa. Wata biyu ke nan, sai ya aike ta ta ƙi zuwa, sai ta ga dama. Ya ce ɗazu ba wasa yake ba, yana kallon ruwan ya haye layi, yana kiran ƙafar, ta yi banza da shi. Ya ce sau biyu a watan jiya ya sha wanda ya zarce, don bugun bai zo ba ita kuma ta tsaya a kan ƙiyasi. Ranakun nan da ya wuni yana barci ta ce gajiya ce, ba gajiya ba ce. Ya yi shiru don kada hankalinta ya tashi.

"Alƙali," ta ce ƙasa-ƙasa, "rufa mana asiri."

Bai saurare ta ba. Ya ce wannan duk mai sauƙi ne, nasa ne. Ranar Asabar da ta dawo daga kemis, ta tuna hon ɗin da aka yi ta dannawa a bakin layi, har ta shigo tana faɗan direbobin zamani ba su da haƙuri? Ita ake yi wa. Motar ɗaukar yashi ce. Yana bakin taga yana kallo, tsakaninta da tayar bai kai tsawon hannu ba, ta wuce abinta tana gyara mayafi. Ya yi ihu, ihun bai fita ɗakin ba. Ya ce tun ranar, duk fitar da za ta yi sai ya ji kamar ransa zai fita, kuma ba abin da zai iya sai kallo.

"In kika faɗi, Yaya, kallo kawai zan yi. Faɗa mata."

Ya gaji liƙis, kansa ya faɗa gefe. A waje mai walda na ta buga ƙarfensa.

"Ya yi magana mai tsawo," in ji Mai Jaka a hankali. "Me ya ce, Yaya?"

Ga ƙofa a buɗe, ba mai gadi. Ta ce ya ce lafiya lau, yana godiya, yana roƙon a hanzarta matashin zama. Wa zai ƙaryata ta? Duk duniya ba mai jin harshen nan sai ita. Matar za ta cike gurbi na ƙarshe ta ɗauki jakarta, su sami shekara guda cur. Yaya ta ji ƙaryar ta hau harshenta, a shirye, da daɗin faɗa.

Sai dai tun yana ɗan shekara huɗu, ranar da ta fara gane cewa nishin nan magana ce, ita ce bakinsa. Ta isar da roƙonsa, ta isar da tsiyarsa. Ya taɓa zagin kawunsu a gaban jama'a ta isar da zagin yadda yake, ta sha mari a kai. Ba ta taɓa rage masa ba, ba ta taɓa ƙara masa ba, don in ta yi sau ɗaya, to ba shi da baki ke nan a duniya, sai nata. Kuma yana jin ta. Zai zauna a keken nan ya ji ta sa masa maganar da bai faɗa ba, ba yadda zai yi, kamar dattijon nan da ake gyara wa bargo.

Tsoro bai sake ta ba. A cikinsa ta yi magana.

"Ya ce yana jin tsoro." Ta fuskanci inuwar. "Ya ce in gaya miki ba na gani."

Biron ya tsaya.

Ta faɗi sauran, duka, bi da bi yadda ya jero su, da ƙafar, da maganin, da motar yashi. Ba ta sa ko kalma ɗaya ta kare kai ba. Da ta gama sai ta daina wahalar neman inda fuskar matar take, ta bar idanunta suka tsaya inda suka ga dama.

Mai Jaka ta fyace hanci. Ta tambayi tun yaushe, Yaya ta faɗa mata. Ta tambayi me likita ya ce, Yaya ta ce ba ta je ba, ta faɗi dalili. Matar ta ja wani dogon numfashi.

"Haba, Yaya. Irin wannan ciwon, da wuri ake tare shi. Kuma ke kanki kina da haƙƙi a ofishinmu, da tallafi, da sanda, da mai koya miki zirga-zirga. Naki ne, ba alfarma ba." Ta juya takarda, Yaya ta ji an ja dogon layi a kan shafin da aka cike. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Dole in rubuta abin da na ji. Zan rubuta abin da na gani ma, fatar nan tasa, da tsabtar ɗakin nan, zan kuma nemi a turo muku mai taimako gida. Amma ba ni ke yankewa ba, kuma layin masu jiran mai taimako dogo ne. Maganin nan kuwa ba zan iya tafiya in bar shi haka ba. Yau da gobe zan sa ma'aikaciyar jinya ta zo ta auna. Ranar Asabar mota za ta zo ta kai Malam cibiya, ke kuma a kai ki asibitin ido. Na wucin gadi ne, kafin a zauna a kan maganarku."

"Wucin gadi kwana nawa ne, ranki ya daɗe?"

"Ban sani ba, Yaya."

Aƙalla ba ta yi mata daɗin baki ba. Yaya ta sauko daga bakin gadon, ta ja gwiwa har gaban keken, ta lalubi ƙafar hagun ta riƙe ta da hannu biyu. Dunduniyar ta yi kanta, tauri kamar ta mai yawo ba takalmi, tana ɗan karkarwa a tafinta. Ta so ta yi masa faɗa, ta so ta ce ya kashe su, faɗan ya ƙi zuwa.

"Alƙali," ta ce, "ka san can ba mai jin maganarka? Ko ruwa ka roƙa ba wanda zai gane. Ba wanda za ka yi wa tsiya ya yi dariya. Ka san haka?"

Ya ɗago kai da ƙyar. Amsar gajeriya ce, ta fito sarai, ba ta ba shi wahala ba.

"Me ya ce?" in ji jami'ar.

Yaya ta kifa goshinta a kan gwiwarsa.

"Ya ce ya sani."